Baba Murugesan Mai Zane

A shekarar 1983 ne Malar ta kawo mahaifinta Amurka. Ni da ita asibiti ɗaya muke aikin nas a Washington, kuma gini ɗaya muke haya a Silver Spring, ita a hawa na shida, mu a na huɗu. Mahaifiyarta ce ta rasu a Madras, can kudancin Indiya, ta ce ba za ta bar tsoho shi kaɗai a gida ba, mutumin da ko kofi bai iya haɗa wa kansa ba.

Ranar da muka hau yi masa barka da zuwa, mijina Katung ne ya yi gaba. Katung ya ƙare ƙuruciyarsa a gidajen siliman Kaduna, saboda haka yana shiga ya haɗa tafin hannu, ya zubo wa tsohon 'yan kalmomin Indiyancin da ya haddace. Baba Murugesan ya dube shi ta saman tabarau. Gajere ne, baƙi kamar mu, kansa fari fat, yatsunsa duk tabon tawada.

Ya ce da Turanci, "Ɗana, wannan yaren mutanen arewa ne. Ni Tamil nake ji. Da ni da kai duk baƙi ne a cikin abin da ka faɗa."

Malar ta yi dariya don ta rufe zancen, ta ce, "Baba, wannan ita ce Edna da nake ba ka labari, daga Najeriya." Ya gyaɗa kai, amma ba fuskata yake kallo ba, ɗaurin ɗankwalina yake bi da ido.

Daga baya na san ko wane ne shi. A ƙasarsu akwai mujallu masu fitowa duk mako, kowace da dogon labarin da ake bugawa babi-babi, wani ya shekara bai ƙare ba. Kowane babi da zanensa. Baba Murugesan ya fi shekara talatin yana wannan zane wa mujalla ɗaya, ban da bangon littattafai da ba ya iya tuna yawansu. Ɗan masaƙi ne daga wani ƙauye kusa da Madurai. Ubansa ya so ya gaje shi, shi kuwa sai zane da gawayi a bangon mutane, har aka gaji da dukansa. Yana saurayi ya gudu Madras, ya fara da wanke wa masu fentin allunan silima burushi, ya kai ga ana ba shi ya cika launin rigunan 'yan wasa a jikin allunan, daga nan wani edita ya ga hannunsa ya ɗauke shi.

Malar ta ce a zamaninsa mata kan yanke shafukan labari su tara, in ya ƙare su kai a ɗinke musu ya zama littafi. Teloli suna kwaikwayon wuyan rigar da ya zana wa matan cikin labari. Har an taɓa samun wani malamin makaranta da ya zo ofishin mujallar da iyayensa, wai a nuna musu yarinyar da ake zanawa, aurenta yake so. Da aka ce masa babu ita, daga cikin kan mai zanen ta fito, sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Da ya zo Amurka bai ɗauka ya bar aiki ba. Yana tsakiyar wani labari ne na wata mata mai suna Kamalam, wadda mijinta ya tafi ci-rani a jirgin ruwa bai dawo ba. Sun shirya da editan cewa za a riƙa aiko masa da babi ta gidan waya, ya zana ya mayar. Malar ta ajiye masa tebur kusa da taga, ya jera kwalaben tawada da alƙaluma da wasu burusa masu laushi da ba ya barin kowa ya taɓa.

Abin bai yi nisa ba. Kafin babi ya iso, ya karanta, ya zana, zanen ya koma, an riga an buga wannan babin da na bayansa. Ya ce a riƙa aiko masa da wuri, aka ce marubucin ma sai daren bugawa yake kawo rubutu, haka ya saba tun da can, ai Baba ya sani. Ya sani kuwa. A Madras kan keke yake zuwa gidan marubucin ya zauna masa a ka har ya gama. Editan ya ce to ya zana kawai, mace a bakin ƙofa, mace a bakin teku, su za su san inda za su saka. Baba ya ƙi. Ya ce bai taɓa zana fuskar da bai san abin da ke damunta ba.

Akwai wani kantin Indiyawa a Langley Park inda mujallun ke zuwa a ɗaure, sun kwana biyu. Wata Asabar na rage masa hanya zuwa can. A gabana ya warware ɗaurin, ya buɗe shafin labarin, ya tsaya cik. Ya miƙo mini.

"Dube ta. Wannan ce Kamalam?"

Na ga mace kyakkyawa tana murmushi, na ce ai ta yi kyau.

"Mijinta ya shekara biyu a teku, tana murmushi? Dubi hannunta. Wannan hannun ya taɓa jan guga? Yaron da ya zana wannan ni na koya masa riƙon alƙalami, hotunan 'yan fim yake kwafa. Sun ɗauki matar da na raina tun daga babin farko sun ba ta fuskar wata."

Mai kanti ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Baba ya biya, ya naɗe mujallun, muka koma gida. Ba a jima ba tsohon editan ya sauka, ɗansa ya hau, aka daina aiko da babi gaba ɗaya. Ko sallama ba a yi masa ba.

Lokacin zafi ya wuce, sanyi ya shigo. Baba ya ce garin nan ba shi da haske, rana kamar an wanke ta. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar masa da tawada a bakin alƙalami kafin ya ja layi biyu. Tagarsa wurin ajiye motoci take kallo. A Madras, in ji shi, in yana neman fuska sai ya je tashar bas ya zauna, kafin azahar ya sami goma. A nan kowa ya naɗe cikin kwat, hula har gira, yana sauri. Ya gwada shiga jirgin ƙasa na Metro da ɗan littafin zanensa. Wata mata ta lura yana kallonta yana jan fensir, ta kira ma'aikaci, aka sauke shi a tashar da ba tasa ba, aka yi masa faɗa kamar yaro. Malar ce ta baro aiki ta je ta ɗauko shi. Tun daga ranar bai ƙara fita da fensir ba.

Malar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta sama masa ganawa da wani kamfanin buga littattafan yara, ta raka shi da jakar zanensa. Wata budurwa ce ta karɓe su, ta juya zanen ɗaya bayan ɗaya tana yabawa, sannan ta ce suna da littafi a kan Indiya, amma giwaye suke so da mai wasa da maciji, ko yana da irin waɗannan? Baba ya ce shi dai mutane yake zanawa, giwa kuwa a gidan dabbobin Washington ya fi ganinta kusa. Aka rabu a haka.

Sai wani mai gidan abinci, Ba'indiye ɗan arewa, ya ce ya zo ya cika masa bango. Ya ce wannan farin ginin mai hasumiyoyi yake so, wanda kowa ya san Indiya da shi. Baba bai taɓa zuwa wurin ba. Ya hau tsani, tsoho da shi, ya zana bakin tekun Madras da asuba, masunta na jan koma, mata da kwanduna suna jira, wata na shayar da ɗa. Na je na gani, har ƙarnin kifi kake ji. Mai gidan abincin ya ce masu zuwa cin abinci ba talauci suka zo kallo ba. Aka shafe da farin fenti, aka rataya hoton da aka sayo a kanti.

Bayan wannan sai ya zama ba ya magana sai ƙorafi. Shinkafar nan ba ta da ɗanɗano, madarar ruwa ce, jikokinsa ba sa amsa masa da Tamil. Wannan na ƙarshen ni ma na san zafinsa, don nawa 'ya'yan in na yi musu Hausa da Turanci suke mayar mini. Malar takan sauko wurina bayan aiki ta zauna ta yi tagumi. Ta ce, "Edna, na ɗauko shi don kada ya mutu shi kaɗai, ga shi ina kallo yana bushewa a gabana."

A shekarar 1986 ƙungiyarmu ta 'yan Kaduna da Filato ta ce za ta fitar da mujalla don bikin ƙarshen shekara, da shafukan Hausa saboda yara. Ciyaman ɗinmu, Oga Chuwang, akanta ne mutumin Jos, ya ce tunda ni ce mai surutu in rubuta labari. Na rubuta labarin kakata, yadda ta ɗauko citta daga gona za ta kasuwa, rafi ya cika, ta kwana a ƙauyen da suke gaba da namu, aka karɓe ta ba a san ko 'yar wane gida ba ce sai da safe. Da na gama sai na hau hawa na shida.

Na ce, "Baba, ina da labari, ba ni da mai zane."

"Giwa nawa ke ciki?"

"Ko ɗaya. Tsohuwa ce da kwandon citta."

Ya ce in zauna in karanta masa da Hausa tukuna, ko da ba ya ji, sannan in fassara. Na karanta, ya rufe ido yana saurare. Da na zo fassara kuwa na gane ban san aiki ba. Tambaya yake jefo mini ba ƙaƙƙautawa. Shekarunta nawa? Haƙoranta sun cika? Da wace ƙafa take fara shiga ruwa? Kwandon na kara ne ko na kaba? Tana jin tsoron mutanen ƙauyen ne, ko haushinsu take ji? Rabin tambayoyin ban taɓa yi wa kaina su ba.

Zanen farko da ya kawo mini, na rasa inda zan sa kaina. Kakata ce wai, amma da manyan idanu masu kwalli, da dogon wuya, zanenta ya zagayo kafaɗa irin na matan Madras. Katung ne ya fashe da dariya ya ce, "Kai, ashe kakarki Ba'indiya ce ba ki faɗa mini ba."

Baba ya karɓe takardar, ya duba, ya yayyaga ta da kansa.

Ya ce, "Gaskiyarsa ne. Hannun nan ya saba da hanya ɗaya, kamar tsohon bijimi. Ko na ce masa dama, gida yake nufa. Ki kai ni inda mutanenku suke."

Haka ya fara binmu coci a Lanham ranar Lahadi, yana zama a bencin baya, shi da ba addininsa ba. Ya je suna gidan wani ɗan garinmu, Dakta Almu, ya je bikin wata 'yar Kagoro. A nan ba wanda ya kira masa ma'aikaci. Mata ma layi suke yi a zana su, ana ta "Baba, ni ma, ni ma." Shi kuwa ba masu kwalliya yake nema ba. Ya maƙale wa wata tsohuwa, Mama Olive, wadda ta zo renon jika daga Kafanchan. Ya sa ta ɗaura zane ta kwance ya fi a ƙirga, ya sa ta ɗora kwandon wanki a ka ta yi tafiya a falo, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Ba ta jin Turanci, ba ya jin Hausa, amma sai ka ji su suna gardama. Ta ce mini, "Edna, wannan tsohon naki ya fi ɗan sanda bincike."

Wajen wata biyu ya yi a kan aikin. Abincin da yake ture wa Malar ya koma cinyewa. Ranar da ya kira ni in gani, ya shimfiɗa zanen a kan gado. Da ruwan tawada ya yi su, baƙi da toka-toka, mai duhu da mai haske. Akwai wanda kakata ke tsaye a bakin rafi, hadari ya haɗo, ta dafe kwando da hannu ɗaya, ta tattare zane da ɗayan. Bai taɓa ganinta ba, ko hotonta ba mu da shi, amma tsayuwar tata ce. Na fita baranda don kada ya ga idona.

Ya ɗauki lokaci yana yi wa Oga Chuwang bayani. A kai wa maɗaba'a ta gaske. Kada a rage girmansu. A nuna masa gwaji kafin a buga. Oga Chuwang ya ce, "Baba, kada ka damu, an gama."

Ana sauran 'yan kwanaki biki, kwamiti ya zauna ba da ni ba. Aka ce maɗaba'a ta yi tsada kuma lokaci ya ƙure. Aka ce jawabin ciyaman da hotunan shugabanni da gaisuwar iyalai sun cinye shafuka. Sai aka kai wani shagon fotokwafi, aka ƙanƙance zanen aka cusa su a kusurwa.

A zauren biki aka raba mujallar. Baba ya sa farar rigarsa, Malar da yaranta na gefensa. Na buɗe tawa kafin ya buɗe tasa. Duk toka-tokar nan ta haɗe ta zama baƙi ƙirin. Hadari da rafi da kakata sun zama dunƙule ɗaya, sai fararen idanu biyu. An yanke gefen da ya sa hannu. A ƙasa an rubuta, "Zane daga wani abokinmu Ba'indiye."

Ya juya shafukan a hankali. Ya tashi ya nufi babban tebur inda Oga Chuwang ke zaune da baƙi, na bi shi da sauri.

"Ranka ya daɗe, mene ne wannan?"

Oga Chuwang ya ce, "Baba, ai ya fito. Injin ne ya ɗan yi duhu. Yara ne za su gani, ba za su lura ba."

"Yara ne suka fi lura. Na roƙe ka abu ɗaya, ka nuna mini kafin a buga. Da ka ce mini wannan injin za a kai, da na yi da layi zalla, ba ruwa, ya fito tas. Tambaya kawai za ka yi. A garinmu ni da mai haɗa farantin bugu mukan yini muna faɗa a kan inuwar kunci ɗaya. A nan ba wanda ma zai yi faɗa da ni."

Oga Chuwang ya ji kunya, ya ba shi haƙuri, ya ce fitowa ta biyu za a gyara, da sunansa a bango. Aka saki kiɗa, maganar ta nutse.

Na ɗauka shi ke nan ya yi fushi da mu. Bayan sabuwar shekara sai ga shi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ce in kawo labari na biyu. Na rubuta, ya zana shi da layi zalla, siriri da kauri, har ya sa Katung ya kai shi shagon fotokwafin ya gwada da kansa ya ga ya fito. Amma fitowa ta biyu ba ta zo ba. Rikicin zaɓe ya raba ƙungiyar gida biyu, kowane ɓangare ya ce mujallar tasa ce, aka yi ta ja har kowa ya manta da ita. Duk sanda muka haɗu a lif sai ya tambaye ni, "Sun shirya?" In ce tukuna, Baba. Daga baya ya daina tambaya.

Cikin wannan jiran ne idonsa na dama ya yi yana. Aka yi masa aiki ya warke, amma ya ce layi yana rabe masa biyu. A 1988 ya ce wa Malar gida zai koma. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce wa zai dafa masa, wa zai kai shi asibiti. Ya ce akwai ƙanwarsa, kuma gara a manta da shi a inda aka taɓa saninsa. Mu muka kai shi filin jirgi. Ya bar mini zanen labaran biyu a cikin babban ambulan, ya ce in ajiye su a kwance, nesa da na'urar ɗumama ɗaki.

Bayan wata shida Malar ta je ganinsa. Da ta dawo na hau na tambaye ta yaya Baba.

Ta ce, "Yana nan yana faɗa. Ya ce garin ya cika hayaƙi, tashar bas ɗinsa an rushe ta. Ofishin mujallarsa ya je, mai gadi bai san shi ba, aka bar shi a benci har ya gaji ya tafi. Yanzu wani mai buga ƙananan littattafai na aljihu yake yi wa bango, irin waɗanda ake sayarwa a tashar jirgi. Mutumin yana so kowane bango da wuƙa da jini da mace tana ihu."

Na ce, "Yana yi kuwa?"

"Yana yi, amma sai ya karanta littafin tukuna. Ranar da zan taho na bar su a tsakar gida suna sa-in-sa, Baba yana buga littafin a kan tebur yana cewa ya karanta daga farko har ƙarshe, babu wuƙa ko ɗaya a ciki, da guba aka kashe mutumin."